Gishirin da Na Binne a Gidan Gado

Na san kun ji. Ba ku taɓa tambayata ba, amma ina ganin yadda kuke sunkuyar da kai duk lokacin da 'ya'yan Yaya Garba suka shigo wurin suna ko ta'aziyya, suka gaisa da kowa suka tsallake ni. An gaya muku ubanku ya binne abu a gidan gado, abin ya ci Goggo Asabe. To, rabin maganar gaskiya ce. Na binne abu, da hannuna, da rana tsaka. Yanzu da idona ya fara kasa ganin allurar mita, gara in rubuta muku sauran rabin, don kada in mutu ku ci gaba da kare ni a inda nake da laifi, mutane kuma su ci gaba da zagina a inda ba ni da shi.

Mu biyu ne muka rayu cikin 'ya'yan da Inna ta haifa, ni da Yaya Garba, kuma ya ba ni shekara goma cif. Kakanmu daga wajen Kano ya zo Lafia da fatauci ya zauna, gidanmu kowa ɗan kasuwa ne. Yaya Garba doya yake saro daga Assakio da Obi yana lodawa zuwa arewa, kuma ya so in bi shi. Ni kuwa na ce ba zan ƙare rayuwata ina ƙirga ƙwaryar doya ba, na tafi Jos na koyi aikin wuta a hannun wani dattijo da muke kira Oga Bitrus. Mutumin nan bai yarda almajirin sana'a ya riƙe filaya ba sai ya iya lissafi. Yakan ce wuta abu biyu kake aunawa, sauran ka fitar da kanka. Na farko bolt, wato ƙarfin da yake turo ta. Na biyu amfiya, wato yawan da yake gudana a waya. In ka raba bolt da amfiya, ka samu turjiyar abin da wutar take bi, wato iyakar yadda yake ƙin ba ta hanya, ana ƙirga shi da om. In kuma ka ninka bolt da amfiya, ka samu wat, abin da yake ci ke nan. Kullum sai ya buga min biro a ka ya ce:

"Isuhu, wuta ba aljani ba ne. Kowane abu da yana shan wuta yana da lamba. Ka samu lamba, ka samu sunansa."

Na dawo gida da wannan magana a baki, da kuma girman kai wanda ya fi jakar kayan aikina nauyi. Da aka kawo layi unguwarmu, ni na ja wa gidan gado wuta, ƙwan fitila shida, har da ɗakin Inna da na Goggo Asabe. Goggo ƙanwar babanmu ce, ba ta taɓa haihuwa ba, mijinta ya rasu ta dawo gida. A ɗakinta aka yaye ni, a bayanta na yi wayo, shi ya sa ba ta taɓa kirana Isuhu ba sai Na-Goggo. Ita da Inna kuwa kamar ba dangin miji da matar wa ba. Tare suke daka, tare suke gulma, in Goggo ta faɗi abin da bai kamata ba Inna ta mintsine ta a dantse.

Aikin ƙarshe da na yi a gidan shi ne abin da muke kira atin. Sandar jan ƙarfe ce ake kafawa a ƙasa, a ɗaura mata waya daga bututun ƙarfen da wayoyin gida suke bi. Amfaninta ɗaya ne. In waya ta ji rauni wuta ta tsere ta hau bututu ko kwanon rufi, sai ta samu hanya mai sauƙi ta ruga ƙasa gaba ɗaya, da yawan da zai ƙone fis, siririyar wayar tsaron da take kusa da mita, nan take, gida ya yi duhu, kowa ya tsira. Don ƙasa ta buɗe mata sosai, akan zuba gawayi da gishiri a ramin su riƙe laima. Na haƙa ramina a bayan ɗakin Inna, na zuba gawayi rabin buhu da gishirin Keana mudu uku, na kafa sanda, na mayar da ƙasa na daddaɓe. Ranar Yaya Garba yana Assakio, mata suna madafa. Ban kira kowa ya gani ba, ban kuma gaya wa kowa ba. A raina na ce, wa zai tsaya yi wa 'yan doya bayanin atin?

Bayan shekara guda Inna ta rasu, aka kulle ɗakinta. Sai shekarar canjin kuɗi ta zo wa Yaya Garba da ƙafar hagu. Motar da ya yi wa lodi ta lalace a hanya doya ta ruɓe, 'yarsa ƙarama ta kwanta da zazzaɓin da ya ƙi jin magani, ga shi tun ruwan farko fis ɗin gidan ya shiga ƙonewa ba dalili. Sau biyu na je na sauya, na ce zan dawo in bi wayar in ga inda take ciwo, aiki ya ɗauke ni zuwa Obi ban dawo ba. Kafin in waiwayo, abokan kasuwarsa sun riga sun gaya masa ruwa ba ya tsami banza, sun kawo masa wani malami mai tonon sammu. Ba zan ce mutumin maƙaryaci ne ba, ido ne da shi. Ya zaga gidan ya ga siririyar waya ta sauko daga bango ta shige ƙasa a bayan ɗakin mamaciya, ya ce a haƙa nan.

A shago aka zo aka kira ni da hantsi. Na tarar da tsakar gida cike da maƙwabta, an shimfiɗa buhu, a kai ga gawayi baƙi ƙirin, ga dunƙulen gishiri, ga sandata ta yi kore da tsatsa kamar abin da ya shekara ɗari a kabari. Ni kaina da na gan su a jere haka sai da suka yi min kama da kayan sammu. Yaya Garba yana tsaye, bai amsa sallamata ba.

"Wa ya ja wutar gidan nan?"

"Ni ne, Yaya."

"Wa ya binne wannan?"

"Ni ne. Atin ne, kariya ce. A mayar da shi yanzu, kafin a yi ruwa."

"Kariya da gawayi? Kariya da gishiri, a bayan ɗakin uwarmu, ba da sanin kowa ba? In gidan kake so ka faɗa, Isuhu, ba sai ka kashe min 'ya ba."

Da na tsaya na yi bayani a hankali, da wataƙila wani ya saurara. Amma ni, a gaban mutane a ce na yi wa ɗan'uwana sammu? Zuciya ta ɗebe ni na ce da shi jahilci ya fi hauka wuyar magani. Ya ɗaga hannu, aka riƙe shi. Ni kuma na ɗaga yatsa na rantse da Allah ba zan ƙara taka tsakar gidan nan ba sai ya zo har shagona ya ce ya yi kuskure. Ina fita na ji Goggo tana cewa, "Na-Goggo, dawo da rantsuwar nan," ban juya ba.

Abin da ya ƙara ɗaure ni shi ne, daga ranar fis bai ƙara ƙonewa ba. Yarinya ma ta warke, don zazzaɓi dama yana da ranar tafiya. Unguwa ta ce ai ga shi nan, an karya abu gida ya samu lafiya. Ni kaɗai na san abin da shirun fis ɗin yake nufi. Raunin wayar yana nan, an dai cire wa wutar hanyar gudu ne, yanzu sai ta nemi wata. Na san haka, amma na zauna a shagona ina gyaran fanka ina jiran a zo a ba ni haƙuri.

Damina ta yi tsakiya sai ga Talatu, matar Yaya Garba, a ƙofar shagona da kwandon cefane. Talatu 'yar ƙauyen Ashige ce, ba Bahaushiya ba, Hausarta ta kasuwa ce, mace mai hankali wadda ba ta taɓa sa baki a rigimar ba. Ta duba hagu da dama kafin ta yi magana.

"Baban Ladi, gidan yana cizo."

"Wane irin cizo?"

"Ka taɓa ƙofa, ya cije ka. Ka taɓa bokiti kusa da ɗakin Inna, ya cije ka. Akuya ya ƙi wucewa wurin. Kaji suna zuwa, suna tsalle, suna gudu. Kuma bango yana zafi, ko an yi ruwa. Goggo ya ce Inna ne ya dawo."

"Maigidanki me ya ce?"

"Ya ce sauran abin da ka binne ne, zai fita da kansa. Gobe yana Assakio. Ka zo don Allah, ni ina tsoro."

Na je washegari bayan azahar. Mitar gidan da fis a zaure suke, kuma ni tsakar gida na rantse a kai, saboda haka na ce wa kaina zaure ba ya ciki. Kun ga irin malantar da girman kai yake koya wa mutum. Kafin in shiga na bi ta lungu, inda bayan ɗakin Inna yake kallo. An yi ruwa da safe, rana ta fito, ko'ina jiƙe yake. Amma a jikin bangon nan akwai wani wuri mai faɗin faifai biyu da ya bushe fari tas, wani siririn tururi yana tashi daga gefensa. A gindin bangon kuwa tana ce, tsutsar nan ta damina, ta fito daga ƙasa, ba ɗaya ba, ba goma ba, suna ta murɗewa a fili cikin rana, kuma duk kajin lungun babu wadda ta matso ta ci. Lungun shiru, ko ƙuda babu. Na kai bayan hannuna kusa da bangon na ji ɗumi irin na jikin mutumin da ya tashi daga kan tabarma yanzu. Na ciro testa, ɗan sukudireban nan mai fitila a gindi, na dangwala a jikin ƙasar bangon. Fitilar ta kama ja. Shekara nawa ina aikin nan ban taɓa ganin bangon laka ya kunna testa ba, kuma ba zan ɓoye muku ba, sai da na karanta Ayatul Kursiyyu.

Na shiga zaure na sa Talatu ta kashe kowane makunni, ta cire ƙwai shida ta kawo min su a faranti, ta zare rediyo da dutsen guga. Gidan babu abin da yake kunne. Na ɗaga kai na dubi mita, faifan cikinta yana juyawa a hankali, baƙin ɗigon jikinsa ya wuce, ya ɓace, ya sake dawowa. Talatu ta ga abin da nake kallo ta ja da baya.

"Wa yana shan wuta?"

Na fitar da mitata mai allura na auna. Wutar Lafia ba ta cika zuwa da ƙarfinta ba, ranar bolt ɗari biyu na samu. Na zare fis na sa mita a madadinsa, allura ta tashi ta tsaya a rabin amfiya. Na yagi takardar buhun siminti na tsuguna da biro. Ɗari biyu sau rabi, wat ɗari. Wato a cikin gidan nan da aka cire wa kowane ƙwai, akwai wani abu da yake cin wuta daidai da babban ƙwai mai ɗari, dare da rana, ba ya ba da haske. Na raba ɗari biyu da rabi, na samu om ɗari huɗu. Na san lambar ƙwai, na san ta dutsen guga, na san ta fanka, babu mai wannan a gidan. Wannan lambar jiƙaƙƙen bango ce. Wuta ta hau kwanon rufin ɗakin Inna, ta rasa sandata, tana sauka ta cikin laka tana dafa ta a hankali. Rabin amfiya ba zai taɓa ƙone fis ba.

Sai na yi lissafi na biyu, wanda Oga Bitrus yake sa mu yi mu haddace. Mutum in ya bushe kuma da takalmi, turjiyarsa tana da yawa, cizo kawai zai ji. Amma in hannunsa jiƙe, ƙafarsa a jiƙaƙƙiyar ƙasa ba takalmi, yakan sauko kusan om dubu. Ɗari biyu a raba da dubu, kashi ɗaya cikin biyar na amfiya. An koya mana rabin wannan ma ya isa ya tsayar da zuciya. Na rubuta lambar na ja mata layi biyu a ƙasa.

Ina tsugune na ji takun ƙafa ba takalmi a kan daɓe. Goggo ce, ta dafa bango ta shigo zaure ta zauna a kan dakali kusa da ni. Ta rame, amma fuskarta fes, har da wani annuri da ban gani ba tun rasuwar Inna.

"Na-Goggo, ka zo ka kore ta ne?"

"Wa zan kora, Goggo?"

"Hajara mana, uwarka. Kullum da hantsi nakan jingina da bangonta, ta gasa min bayan nan da sanyi ya cinye. In na yi surutu da yawa ta mintsine ni, nan, inda ta saba. Hannunta ne, ni zan gaya maka? Shekara arba'in ina shan mintsininta."

"Goggo, wuta ce. Ga lissafin nan. Kada ki ƙara taɓa bangon, kada ki taɓa wani ƙarfe, kuma ki riƙa sa silifa."

Ta karɓi takardar ta juya ta sama da ƙasa, ta mayar min tana dariya.

"Ni da ban sa takalmi a gidan ubana ina budurwa ba, sai yanzu? Ka bar lissafinka. Ta ce min ba zan ci sabuwar doya ba, tare za mu. Ni abin da ya dame ni kai ne. Rantsuwar fushi ai tana da kaffara. Ka ciyar da mutum goma ka shigo gidanku, ko ni in dafa maka abincin."

Na ce sai Yaya ya zo. Ta dube ni ta ce taurin kan nan ba a nononta na sha ba, don ba ta da shi. Na cusa fis ɗin a aljihu, na ce wa Talatu kada a mayar da wuta sai an gyara, na tafi ina jin kamar na sauke nauyi.

Da magariba Yaya Garba ya dawo ya tarar da gida ba wuta, aka gaya masa na zo. Washegari da safe ya tsaya a bakin titi daura da shagona, bai tsallako ba, ya ɗaga murya yadda duk masu shaguna za su ji.

"An tone na farko ka dawo ka sa na biyu? Ka bar min gida, Isuhu!"

"Yaya, kwanon ɗakin Inna wuta ne a jikinsa. Zai kashe mutum."

"To ka fara faɗa da bakinka. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

Ya juya ya tafi. Ranar ya sa aka lanƙwasa wata waya mai kauri aka cusa a gurbin fis, wuta ta dawo.

Nan ne wurin da nake so ku karanta a hankali. Hanya biyu ke gabana, kuma duka na san su. Zan iya ciyar da mutum goma, in shiga gidan ko ana zagina, in hau rufin in gyara, aikin da bai fi awa biyu ba. In kuma an hana ni shiga, falwayar da take ba gidan wuta tana bakin titi, ba ta Yaya Garba ba ce. Ina da tsani, ina da bel ɗin hawa, ma'aikatan wuta duk sun san ni, da na yanke wayar na je na yi musu bayani. Abin da zai biyo baya shi ne zagi, wataƙila mari, a kuma ƙara cewa na tabbata mugu. Na auna wannan da wancan, na zaɓi in jira. Na ce bari ya ɗan ciji Yaya Garba shi ma, cizo mai kyau, ya zo da ƙafarsa. Na aika wa Talatu da silifa ƙafa huɗu da saƙon a kiyaye ƙarfe, na ce wa zuciyata na yi iyakar ƙoƙarina. Takardar simintin tana aljihun rigata, kullum in na sa hannu neman biro sai na taɓa ta. Kwana tara tana nan.

A rana ta tara, Juma'a ce, aka kwana ana ruwa aka wayi gari da rana mai kyau. Goggo ta wanke farin mayafinta na zuwa masallaci. Igiyar shanyar gidan ta tsinke a ruwan, sai aka ɗaura wata tsohuwar waya a madadinta, baki ɗaya a jikin bishiyar mangwaro, ɗaya a ƙusar kwanon ɗakin Inna. Ban san da wannan wayar ba, amma da na shiga gidan da na gani. Talatu ta ce tana madafa ta ji shiru ya yi yawa, ta leƙo ta ga Goggo tsaye, hannu biyu a kan waya tare da jiƙaƙƙen mayafi, ba ta motsi, ba ta kuka, kanta a ɗan karkace kamar mai sauraron magana. Ta kira ta sau uku. Allah ya sa ta tuna saƙona, ba ta kama ta da hannu ba, ta ɗauki taɓarya ta doke wayar. Goggo ta sulale ƙasa, silifar da na aika tana ajiye a ƙofar ɗakinta, sabuwa, ko ƙura ba ta taɓa ba.

Da gudu na zo, da tsani a kafaɗa. Ban tsaya a zaure ba, ban tuna da wata rantsuwa ba, sai da na tsinci kaina a tsakar gida durƙushe a gabanta. A tafin hannunta akwai siririn layi fari, shi ke nan duk raunin. Na fita na jingina tsani a falwaya, na hau a gaban duk jama'ar da suka taru, na yanke wayar. Minti biyar bai cika ba. Ina saman na ji wata murya a ƙasa tana cewa, "Ya zo kwance abinsa, tunda ya ci." Ban sauko na amsa ba, kuma har yau ban amsa ba.

Bayan an kai ta an dawo, na hau rufin na samu wurin. Bakin kwano ne iska take kaɗawa, ya yi ta goga waya har ya yanke robar, rauni bai kai tsawon farce ba. Babu hannun kowa a ciki. Da yamma na sake bi ta lungu, bangon ya huce, laima ta fara cinye farin wurin, tanar duk sun koma ƙasa. Talatu ta biyo ni ta ɗora tafin hannunta a kai ta daɗe, sannan ta ce:

"Yanzu su biyu duka sun tafi, Inna da Goggo."

Na koma shago na fitar da takardar na ƙarasa lissafin da ban yi ba. Bolt ɗari biyu sau kashi ɗaya cikin biyar, wat arba'in. Ƙwan da na sa mata a ɗaki mai sittin ne. Abin da ya ɗauke matar da ta goya ni bai kai abin da yake haska mata ɗaki ba. Na yi kuka ranar irin wanda ban yi ba a mutuwar Inna. Bayan mako biyu sabuwar doya ta shigo kasuwa. Na san lambar bango, na san lambar jikinta, amma yadda aka yi ta san ba za ta ci doyar ba, wannan babu mitar da ta nuna min, kuma na daina nema.

Yaya Garba bai ƙara yi min magana ba shekara goma sha biyu. Na bar masa rabona na gidan, na gina wannan da kuka tashi a ciki. A shekarar da Lafia ta zama babban birnin jiha ya kwanta ciwon ajali, Talatu ta aiko na je. Ya kore kowa daga ɗakin, yana kallon rufi ya ce:

"Wani mai aikin wuta ya zo ya ja mana sabon layi bara. Na gan shi yana zuba gishiri da gawayi a rami."

Na ce, "Haka ake yi, Yaya."

"Me ya sa ba ka gaya min ba tun farko?"

"Na raina ka ne."

"Ni na tone," ya ce. "Ni na kashe ta."

Na ce masa a'a, shi bai sani ba, ni na sani. Na ciro takardar, don tana tare da ni, na nuna masa layi biyun da na ja, na gaya masa kwana nawa ta yi a aljihuna. Ya riƙe hannuna. Ya rasu bayan kwana uku bai samu ya gaya wa 'ya'yansa ba, ni kuma ban ga dalilin in je in wanke kaina a bakin kabarinsa ba. Saboda haka kada ku riƙe su a zuci. Abin da aka gaya musu suke riƙe da shi, kuma ba su yi kuskuren mutum ba, dalilin kawai suka kuskure.

Kun tuna ranar da na ja wutar gidan nan, na tara ku duka har da mahaifiyarku da maƙwabta biyu, na sa kowa ya ɗebi gishiri da hannunsa ya zuba a ramin bayan madafa, kuna ta dariya kuna cewa Baba ya fara tsufa? Tun bayan Goggo ban ƙara kafa sanda a gidan kowa ba sai maigida da matan gida sun tsaya a kai sun zuba da kansu. Wasu sun ce ina ɓata musu lokaci, wani ma ya kore ni ya kira wani. Takardar tana cikin akwatin mitata, ƙarƙashin soso, ta yi laushi kamar tsumma amma lambobin suna karantuwa. Ku bar ta a nan. Kaffarar rantsuwar kuwa na yi ta washegarin jana'iza, shinkafa da wake, mutum goma, a ƙofar shago. Ba su fi rabin awa suna ci ba suka tashi.